Minti Talatin Tsakanin Mutum da Mutum

Da asuba jirgin ruwan Izmir ke tsallako da ni,
ni kaɗai a benci, sai tsuntsayen teku
da ba su ji an hana taro ba.

A ƙofar ɗaki na huɗu nake zama wata:
riga kan riga, safa kan safa,
takunkumin da ya ci mini karan hanci har ya yi kanta.
Nakan rubuta Gulizar a ƙirji
don wanda zai kwanta ya san
akwai mutum a cikin ledar.

Dā mu bakwai ne a nan. Yanzu huɗu.
Dā majinyata goma sha biyu kafin azahar,
yanzu biyar, Dakta Tuncay na riƙe da takardar
kamar mai rabon ruwa a shekarar fari.
Sunan da ya tsallake jiya
ya hana shi cin abincin rana.

Aka turo Nurettin, mai gyaran agogo.
Kwana goma sha tara bai buɗe baki ba,
ba magana, ba loma,
ido a buɗe, gida ba kowa.
Ƙwayoyi sun yi iyakarsu sun sallama.
Shekaranjiya muka zura masa auduga a hanci,
sakamako ya ce babu,
amma annobar nan ta koya mana
ko "babu" ba a juya mata baya.

Ba wutar ce abin tsoro ba,
duk abin da mutanen gari ke faɗa.
Wutar 'yar mitsitsiya ce, awo gare ta.
Numfashi ne.
In allurar barci ta ratsa, jiki ya saki,
sai wani ya yi wa mutum numfashi da hannunsa,
kuma kowace matsa
na iya watsa abin da ido bai gani.
Shi ya sa Sevgul mai sa barci ta ɗaura mataci,
ta shayar da shi iska tun yana farke har huhu ya ƙoshi,
sannan ta riƙa matsawa a hankali
kamar mai tatsar akuyar aro.

Na sa masa roba tsakanin haƙora.
Na ɗaure idon sawun dama.
Tuncay ya ce kowa ya ɗauke hannu.
Ya danna.
Babban yatsan ƙafa ya shiga rawa shi kaɗai,
takarda na amayo tsaunuka da kwaruruka,
ina ƙirge: talatin da ɗaya, talatin da biyu,
sai tsit, layi ya kwanta.

Farfaɗiya muka gayyato da gangan
ko za ta tafi ta bar mana farfaɗowa.

Sannan jira.
Tagogi a wangale, fanka na korar iskar ɗaki,
minti talatin ba mai shiga,
bayan nan mu goge gado, wayoyi, mariƙin ƙofa.
A cikin jiran nake leƙa ƙasa:
Saniye, matarsa, a gindin itacen lemo,
da kwanon miya a ƙunshe.
Ba a barinta ta hau.
Kullum takan kawo. Kullum takan mayar.

Zuwa na shida, wata Laraba,
ya farka, ya daɗe yana kallon bango.
Leɓe ya motsa. Na sunkuya,
gilashin fuskata ya yi raɓa, ban ji ba.
Ya sake:
"Agogon nan ya yi latti da minti huɗu."

Na duba nawa. Huɗu ne cif.

Ba a rungumar mutum a shekarar nan.
Na je taga na ɗaga hannuna mai safa biyu,
na nuna kwanon, na nuna baki,
na aiko mai gadi ya karɓa.
Ta tsaya ba ta gane ba,
sai ta gane,
ta zauna daɓas a ƙasa.

A bayana Tuncay na karanta suna na gaba.
Saura minti ashirin da shida
a agogon da ke mana ƙarya.