Tsohon Shafin Farko

Ƙarfe goma na dare, janareta na tari.
Ni ne mai jera shafin farko,
ni ke auna wa kanu tsawo da kauri,
in bar wa tallar siminti gindin shafi.
Tsakiya kuwa rami ne fari fat,
ramin da hoto bai cike ba.

Edita Maidamma ya leƙo da kofin shayi:
"Ruwa ya yi gyara a gonakin albasar Goronyo.
Babur ɗin Ladan ya mutu a hanya da kyamararsa.
Shiga rumbu, ɗauko mana tsohon nan,
injin bugu ba ya san haƙuri ba."

Rumbun namu ba na gero ba ne,
fuskoki ne dubu a cikin kwamfuta.
Ga hannaye biyu suna musabaha, babu masu su.
Ga manomi mai haƙora kamar auduga,
fartanyarsa ba ƙirar Maƙerar Assada,
ƙasar da ya taka ba ta fadamarmu,
rigarsa ba ta san gumi ba.

Sai tsohon nan, lamba ɗari huɗu da tara.
A gadar Kwalkwalawa aka ɗauke shi wata shekara,
malfa a ka, ya rafka tagumi,
idanunsa can ƙetaren Rima.
Mai ɗaukar ya bar aiki tuntuni,
bai rubuta sunansa ba.

Na sa shi ran da taki ya yi tsada,
na sa shi ran da 'yan fansho suka kwana a layi.
In an yi fari, shi. In ruwa ya wuce kima, shi.
Na juya fuskarsa hagu don ta kalli kanu,
na datse masa kafaɗa don talla ta sami wuri,
na ƙara masa duhu in labari ya yi muni,
ko sau ɗaya bai ce uffan ba.

Ran Talata da hantsi wata mata ta hau matakala,
ta warware takarda mai maiƙo,
ƙunshin tsire daga Gawon Nama.
Yaji ya ci rabin kanu, ya bar idanun.
"Wanga ubana na, Arzika Mai Koma.
Masunci na, bai taɓa dashen albasa ba,
gwamnati ba ta taɓa biyan shi ko sisi ba.
Kuma ba tagumin wahala na ba,
tuwo shika jira, ƙanena ya makara.
Shekara ukku da munka kai shi makwanci,
ku kau ba ku bar shi ya kwanta ba."

Na sunkuyar da kai ina jiran zagi.
Sai ta ce, "Ba mu da hotonai ko guda.
In da mai tsabta, a ba ni."
Na buɗe na asali, wanda almakashina bai taɓa ba:
ashe a gefen da nake yankewa kullum
akwai ƙwarya cike da tarwaɗa,
da ƙafar yaro tana shigowa da gudu,
da gefen bakin tsoho ya fara motsi,
dariyar da Sakkwato ba ta gani ba.

Ta naɗe shi a gefen mayafi ta sauka.

Yau ma ƙarfe goma ta yi, janareta na tari,
ramin tsakiya ya buɗe baki.
Maidamma ya ce, "To, nemo wani tsohon."
Na zura hannu cikin rumbu,
fuskoki dubu suka ɗago suna kallona,
kowacce da gidan da ta fito,
ni ban san sunan ko ɗaya ba.