Kalmomi Biyu a Kan Allo

Ranar Talata, a ajinmu na Tawa,
na rubuta su da alli, kafaɗa da kafaɗa,
kalmomi biyu na Ingilishi,
kowacce da "in" take farawa,
kamar mai shakka da ke gindaya sharaɗi
tun bai faɗi abin da ya kawo shi ba.

Zuwera ta ɗaga hannu daga bencin baya:
"Mushe, ƙamus ya ce duk biyun ilhami ne.
Me ya sa suka haifi tagwaye
in suna ɗaya ya ishe su?"

Na buɗe baki.
Ƙararrawa ta cece ni.

Da la'asar, a tsakar gida,
ina fifita gawayin shayi,
inuwar shirwa ta gifta bisa danga.
Tsaki bakwai, kwanansu biyu a duniya,
suka tsere ƙarƙashin uwa kamar an ja su da zare.
Wa ya karantar da su?
Wace makaranta ce a cikin ƙwai?
Na ce, to, ga ta fari:
wadda ake haifuwa da ita,
kamar jariri da nono, kamar ido da ƙifta,
kamar raƙumi mai shaƙo ruwa daga nesa.

Ta biyun ta hana ni barci
sai da na tuno kawuna Illa,
mai haƙar rijiya a duwatsun Adar.
Yakan yi tafiya a fako, hannu a baya,
ba ya duban kowa,
can sai ya tsaya, ya dangwala sanda: "Nan."
Gaba goma sha biyu, laka ta fito.
In ka ce, "Kawu, yaya ka sani?"
sai ya ce, "Jikina ya ba ni,"
ya ci gaba da taunar goro.

Amma ni na san shekara arba'in ne ke magana.
Launin tsakuwa, inda gawo ya karkata,
hanyar da tururuwa ke bi da rani,
duk ya haɗiye su bai ƙirga ba,
ran da ake bukata suka amsa da murya ɗaya.

Kuma ya taɓa faɗuwa.
A wani ƙauye gabas da Keita
ya haƙa wata guda, bai samu ko danshi ba.
Ya fito, ya karkaɗe riga, ya ce jiki ma yana mantuwa.
Tsakin nan su ma, jiya,
baƙar leda suka guje wa, iska ta ɗauko ta.

Alhamis na koma da guzurina.
Na ce, "Ɗaya gado ce, an ɗaura miki tun a ciki.
Ɗaya tsintuwa ce, ƙwaya ƙwaya,
kin tara ba ki san kina tarawa ba.
Tsako da ta fari yake gudu,
Illa da ta biyu yake tsayawa."

Alƙaluma suka yi ta kuka a takarda.
Na ji daɗin kaina.

Zuwera ba ta rubuta ba.
Ta ce, "Mushe, bara da asuba ina wanke tukunya
gabana ya faɗi, ludayi ya suɓuce.
Babana yana Abijan, lafiya lau muka yi waya.
Sai da hantsi aka kira.
Wannan wacce ce a ciki?"

Ajin ya yi tsit.
Wani jaki ya yi kuka a bayan katanga.

Na dubi allo, na dubi ƙamus,
na ce, "Allah ya jiƙansa."
Na share su duka biyu da tafin hannu,
garin allinsu ya gauraye,
har na isa gida ban wanke ba.