Saura Faɗin Yatsa

Tun hantsi akori-kurar Nadabo
take tsaye a gindin darbejiya, baki buɗe,
kwando talatin da biyu na tumatir a gadon bayanta
suna jiran kasuwar Kwanar Gafan.
Rana kuwa ba ta iya jira ba.

Fulin gaba ne ya mutu.
Robar tsakiyarsa ta dare kamar faso a dunduniya,
ita ce mai shanye rawar inji,
in babu ita, ƙarfe ɗan'uwansa yake ci.
Muka samo wani a Kura, na hannu, amma da sauransa.
Na goge bakin karanshaf da sanfefa har na ga fuskata,
na shafa mai, na zaunar da ɗan makulli a gurbinsa,
na tura.
Ya shiga rabin gaɓa, ya turje.

Hannuna da kansa ya tafi neman guduma.
Oga Barau ko ɗagowa bai yi daga tabarma ba,
ya ce, "Ilu, ajiye.
Kai fuli kake gani,
amma duk dukan da ka kai, can ciki zai sauka,
kan boris ɗin da bai tare maka hanya ba."

Dillali ya kira waya sau uku.
Kwandon ƙasa ya fara hawaye ja,
ƙudaje suka zo gaisuwa.
Nadabo ya ce, "Ku buga mana! In ya fashe ni zan biya."
Oga ya ce, "Kuɗinka zai sayi wani fuli,
ba zai sayo maka yau ba."

Ya aike ni wurin Tabawa mai awara.
Ta ce ita tun da take ba ta taɓa dafa ƙarfe ba,
amma ta ba da tukunya, ta iza kara.
Fuli ya nutse, ruwa ya yi ta ɓararraka a kansa.
Muka sayi ƙanƙara ta ɗari biyu,
na naɗe ta a tsumma, na ɗaure wa karanshaf kai
kamar mai zazzaɓi.
Oga ya ce, "Wannan ya saki jiki, wancan ya tsuke ciki,
sai kowa ya samu wurin ɗan'uwansa."

Na tsamo shi da buhu, na sheƙa a guje,
tururi yana dukan idona,
na saita, na danna,
sulɓ!
Ya tafi, ya tafi,
ya tsaya.
Saura faɗin yatsa.

Nan ne zuciya ke cewa sau ɗaya tak, a hankali, ba wanda zai sani.

Oga ya zaro dogon ƙarfe mai zare daga aljihu,
ya daɗe da shi fiye da shekaruna,
ya zura washa, ya bi da noti,
ya miƙo mini sifana.
Kwata-kwata nake juyawa,
ƙarfe yana ƙiƙ, yana ƙiƙ,
gumi yana shiga mini baki.
Shi ya rufe ido, ya aza yatsu biyu a wuyan hannuna.
Can ya ce, "Tsaya. Ya zauna."
Ni ban ji komai ba.
Ya ce, "Ai shi ne. Ya daina magana."

Da aka tayar,
bel ya miƙe sumul,
fuli yana gudu kamar yana tsaye.

Nadabo ya sauke mana kwandon da ya fashe, ya ja mota.
Tabawa ta kwashe rabi, ladan tukunya.
Ni na zauna ina hura bororon da ya taso a babban yatsana,
ina kallon guduma inda na yar da ita,
wata tururuwa tana tsallaka ta
ɗauke da ƙwayar gero.