Layi Na Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Na sauka Sassuolo da jirgin ƙasa na safe,
jakata maƙil da takardu,
tambaya talatin da bakwai,
kowace da ɗan akwatinta mai jiran alƙalami.
Garin tayil ne.
Tireloli na fita ɗauke da daɓen ɗakunan duniya.

Ermes Cuoghi ya tarbe ni a bakin tanda.
Bai ba ni kujera ba, shi ma ba ya zama.
Girarsa fari fat,
ban rabe furfura da garin yumɓu ba.

Tambaya ta tara:
ƙirƙira nawa kuka yi wa rajista cikin shekara biyar?
Ya ce, rubuta sifili.
Ta goma: saboda me? Zaɓi ɗaya,
tsada, rashin sani, tsoron kotu.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya ce, 'yar jami'a, rajista ciniki ce.
Ka kwance wa hukuma ƙullinka,
ta ara maka inuwar shekara ashirin,
maƙwabci ya karanta, ya rage gishiri,
ya ce miyarsa ce.
Ku tafi gaban alƙali,
lauya ya sayi sabuwar mota.

Sai ya miƙo mini tayil guda, shuɗi,
irin shuɗin da ake gani
in an leƙa rijiya da almuru.
Kamfani huɗu, in ji shi, sun saya sun niƙe,
sun auna abin da ke ciki har ƙwayar ƙarshe.
Nasu in ya fito wuta
sai ya yi fatsi-fatsi kamar tsohuwar riga.

Na ce, to ina sirrin yake kwana?
Akwatin ƙarfe? Banki?
Ya yi nuni da haɓa.

Nives Barbolini, gajeruwa, da tabarau a wuya,
ta tsoma babban yatsa cikin kwaɓin,
ta murza,
ta dubi hazon da ya kwanta a taga,
ta ce a ƙara ruwa rabin bokiti.
Shekara talatin da uku ke nan.
Na kunna rikoda, na roƙe ta bayani.
Ta ce, in ya yi, yana riƙe yatsa
kamar kwaɓin taliyar Lahadi.
In bai yi ba, bai yi ba.

Na ga hannun yana ɗan rawa.
Watan shida za ta ajiye aiki.
Wata takwas Vasile na tsaye a kafaɗarta,
yaro mai ƙoƙari, yana rubuta komai,
amma ta ce har yau yatsansa kurma ne.

Yanzu ina ofis a Modena, dare ya raba.
Kamfani ɗari shida a allon kwamfuta,
nasu ne layi na ɗari biyu da sha huɗu.
Rajista: sifili.
Kuɗin bincike: sifili.
Lissafi ya tura su garken marasa ƙirƙira,
bai ko yi tuntuɓe ba.
Farfesa Zanasi ya ce abin da ba ya ƙirguwa
a sauke shi ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe.

Ni ma, kafin in kashe fitila,
sai na kulle alƙalumana da kalmar sirri,
don akwai wani a Torino
da ke bin sawun tambayar nan.
Ashe kowa da tukunyar da yake rufewa.

Tayil ɗin na nan ƙarƙashin kofin gahawata.
Wani lokaci nakan ɗora yatsa a kai,
in murza a hankali, in saurara.
Sanyi kawai nake ji.