Na Uku a Sahu

Motar Barau ce, Golf mai ruwan toka,
jigila take daga Kawo zuwa Sabon Tasha.
Kwana tara tana tari.
In ta hau gadar kogi sai ta sarƙe,
ta kama shaƙuwa, fasinja su hau salati.
An canza mata fulogi a Panteka,
an wanke tanki, an ɗaura sabon famfon mai,
kuɗin makarantar yara duk ya bi salansa.

Da hantsi ta rarrafo garejinmu a Kurmin Mashi,
ruwan daren jiya bai gama ɗiga daga rumfa ba.
Oga Jatau ya ɗauki doguwar sukundireba,
ya kafa bakinta a kan injin, ƙotar a kunnensa.
Shekara arba'in kunnen nan ke ciyar da gida,
amma bana sai an kira shi sau biyu yake waiwayowa.
Ya daɗe a sunkuye. Ya ɗago.
Ya ce, "Mai ne ba ya isa."
Barau ya dafe kai.

Ban ce uffan ba. Na zuge jakata,
na fito da ɗan akwatin da ya cinye mini adashin wata bakwai.
Osiloskof, in ji takardarsa,
yaran gareji kuwa talabijin ɗin Tasalla suke ce masa.
Na maƙala baƙar waya a jikin ƙarfe,
na ɗana ɗayar a wayar kwayil,
na ce, "Ba ta wuta."

Sai koren zare ya farka a gilashi.
Ya nitse ƙasa tukuna, kwayil na cika ciki,
sannan ya zabura, ya miƙe ƙyam kamar turken lantarki,
ya sauko ya kwanta ɗan taƙi,
nan ne tartsatsi ke cin mai,
ya ƙare da 'yar karkarwa, uku, huɗu, biyar, ya lafa.
Duk kafin ƙiftawar ido ta kai rabi.

Huɗu ne suka jeru a sahu.
Uku kansu ɗaya.
Na ukun ne ya yi tsiri, ya kere 'yan'uwansa,
ga tsawo, amma wutarsa guntuwa,
kamar mai ihu daga hayin kogi:
ya ƙarar da ƙarfi wajen ɗaga murya,
maganar ba ta iso ba.

To, ta ina zan fara?
Mutumin da ya koya mini riƙon sifana,
ranar da duk layin nan suka ce mace ba ta shiga ƙarƙashin mota.
Yara sun zuba ido. Barau ma.
Sai kawai na juya masa gilashin,
na kare rana da gefen ɗankwalina.

Ya matso. Ya ƙanƙance ido.
Ya ɗora yatsa, baƙin mai ya zauna a wurin.
Ya ce, "Wannan ya cika girman kai."
Na ce, "Hanyarsa ce ta yanke, Oga, tsalle yake."
Na kai hannu kan waya ta uku,
ya riƙe mini wuyan hannu.
"Ɗaya, uku, huɗu, biyu, haka suke karɓar wuta.
Na uku a sahu, na huɗu ne a gida."

Na zare ta huɗun.
Waje sumul, ko ƙwarzane babu.
Ya tsaga ta da reza:
ciki ya ƙone, ya rabu, sai toka.

Waya ɗaya. Ba ta kai kuɗin lodi guda ba.
Golf ta ɗauki murya tiryan-tiryan,
huɗun suka daidaita kafaɗa.
Barau na dariya yana zagin famfon mai.

Da magariba ina naɗe wayoyi,
hadari ya sake haɗowa ta wajen Mando.
Oga ya tsaya a bayana, yana goge hannun da ya riga ya goge.
Bai dube ni ba ya ce,
"Wane maɓalli ne ke tashinsa?"
Na nuna masa.
Tambarin yatsansa na nan a gilashin,
har yau ban goge ba.