Guzurin Tolkun

A At-Bashy sabis ke ƙarewa.
Daga nan sai dutse, sai kwazazzabo,
sai hanyar da mota ke hawa tana tari.
Kakana Sagynbek na ɗaure buhun gishiri,
inna na ƙirga dunƙulen busasshen cuku,
ni kuwa na raɓe a shagon mai shayi,
kwamfuta a cinya, waya a hannu,
ina haɗa nawa guzurin.

Shafin intanet ɗan cin kasuwa ne,
yana tare da kai muddin rumfa na tsaye,
a naɗe tabarma, ka neme shi ka rasa.
Sai ka ce masa: zauna.
Na danna, na adana, na raɗa masa suna.
Kumburin cikin tumaki. Ciwon kofato.
Tambayoyin jarrabawar da na faɗi bara.
Haihuwar goɗiya idan ta zo da gardama.
Wasu na mayar da su takarda a cikin waya,
wasu na zuba su ɗungurungum a kwamfuta.
Mai shayi ya sake min tukunya sau uku,
a na huɗu ya dube ni, ya dubi mitar wutarsa.

Har hasashen yanayi na adana, don wauta.

Wata uku a kan tsauni.
Farantin sola ɗaya jingine da tanti,
shi ke shayar da waya, kamar maraya da cokali.
Shuɗayen kalmomin nan da kan kai ka wani wuri
sun zama ƙofofin da aka zana a bango,
ka taɓa, ka taɓa, ba mai buɗewa.
Kullum da safe, ƙanƙara na dukan rufi,
Kaka zai kurɓi shayi ya ce,
“Tambayi malaminki, me gobe za ta yi?”
Malam kuwa bai sauya baki ba tun tara ga Yuni:
rana, da iska kaɗan.

Daren da jar goɗiya ta kwanta,
batir saura goma sha ɗaya.
Kai ya leƙo, ƙafa ɗaya ta biyo,
ɗayar ta lanƙwashe can ciki ta ƙi.
Na buɗe shafin, ya buɗu, bai nemi kowa ba.
Ya ce a mayar da ɗan baya a hankali,
a tallabe kofato da tafin hannu,
kamar yadda hoto na uku ya nuna.

Hoto na uku bai hawo tare da mu ba.
Fili ne fari, da ɗan gicciye a kusurwa.

Yatsun Kaka sun daɗe da ƙagewa,
ko maɓallin riga sai an saka masa.
Ya kamo wuyan hannuna, ya lanƙwasa,
ya rufe dunƙulena da tafinsa mai kaushi.
“Haka. Kada kofato ya yage ta. Shiga.”
Na shiga har kafaɗa,
kuncina manne da zufarta,
waya a bakin Kaka, tana haska mana.
Ta mutu kafin duƙushin ya miƙe,
wayar nake nufi.

Da kaka ta yi muka gangaro,
shi yana bin uwarsa, ƙafafu kamar sandunan tanti.
A kwanar ƙarshe aljihuna ya hau rawa,
saƙonnin wata uku na turereniya.
Malam ya farka, ya ce gobe dusar ƙanƙara.

A shagon mai shayi na nemo hoto na uku.
Zanen hannu ne, tsaf, ba jini, ba rawar sanyi.
Kwamfuta ta tambaya ko in maye tsohon da sabo.
Na ce a'a.
Mai shayi ya ajiye tukunya, ya dubi mitarsa.