Shafin Zabeiru

Ƙungiya goma sha ɗaya gare mu,
ba wadda ta taɓa taka ciyawa.
Filinmu kaye ne mai shuɗin bango, irin na 'yan lakwal,
Mushe Tasi'u ke ja masa layi da gefen kwalin sukari.

Juma'a, bayan la'asar, a Garin Malam,
gindin dalbejiyar da ke daf da famfon da ya manta ruwa,
kowa ya sayi 'yan wasansa da kuɗin da babu.
Bra mai walda ya ɗauki ɗan gaba na miliyan dubu,
ya juyo ya ranci dala biyar ta gawayi.

Su suna can suna gudu a ƙasashen da ba su san sunanmu ba.
Ina za su san wani tela a Zango
ya kwana yana yi wa gwiwarsu addu'a?

Wanda ya zo na fari, kofin farko nasa, mai ɗaci, mai kumfa.
Na ƙarshe ya wanke kofuna gaban yara.
Hannuna ya san ruwan nan.

Mutari da Zabeiru kuwa,
shekara shida ba su taɓa yarda da juna ba
ko a kan yau wace rana.
In ɗaya ya ce an ci, ɗaya ya ce satar gida.

Sai Zabeiru ya ɗaure bargo da jarka,
ya hau motar Jado neman zinariya.
Ya ce: ku riƙe min shafina,
in na samu rezo zan kira.

Mako ɗaya. Huɗu. Bakwai.
Golansa ya karye, ɗan bayansa ya sha jan kati,
sifiri na bin sifiri kamar ƙwan zabo.
Mushe ya ce, a hankali, ko a ja layi a kansa?
Ba wanda ya tanka.
Buta ta tafasa ta kashe rabin wutar.

Mutari ne ya fizge bik.
Ya ce: ba na kayar da mutum yana ba ni baya.
Ya zauna ya gyara ƙungiyar abokin gabarsa,
har yaron nan da ya ɓoye wa kansa tun damina,
wanda ko ni bai gaya wa ba,
ya rubuta shi a shafin Zabeiru da hannun da ke rawa.

Kowace Laraba kuma ya ɗora jarka biyu bayan babur,
ya ratsa lungunan Birni, tsakanin duwatsu,
ya sauke wa tsohuwar Zabeiru.
Ya ce: Inna, ɗanki ya hau na uku.
Ta ce: na uku a me?
Ya sosa ƙeya. Ya ce: a cikin mutane.

Daren ƙarshe aka ɗauke kuran.
Kai goma a kan salula ɗaya mai tsagaggen gilashi,
kashi huɗu ya rage a batir.
Yaron ya ci. Ya sake ci.
Mushe ya tara a hasken ashana, ya sake tarawa:
Zabeiru ya wuce Mutari da maki biyu.

Muka zuba kofin farko,
muka aza shi a ƙarshen benci, inda katakon ya lotsa.
Kiyashi ne suka sha.

Ran tara ga wata, tsakar dare, baƙuwar lamba.
Iska ta fi murya yawa.
Babu sallama, babu ina gajiya:
wa ya taɓa min ƙungiya?
Mutari ya ce: ɓarawo, ka dawo ka karɓi shayinka,
ya juya mana baya ya daɗe yana gyara igiyar takalmi,
shi da silifa ce a ƙafarsa.

Bana ma ni ne na ƙarshe.
Ina tsugune da ruwan da muka saya,
ina wankewa ina ƙirgawa.
Goma ne ke shan shayi.
Goma sha ɗaya nake wankewa.